Na Je Jimeta Ɗauko Fuskar Tizhe

Michika, Litinin, kafin gari ya waye

Da sauran duhu na fita daga gida, jaka ɗaya a kafaɗa. Mama ta rako ni har bakin ƙofa tana lalubar bango. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma likita ya ce kullum raguwa yake yi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Masi, in gaskiya ne, ki kawo mini babba. Irin na cikin wayar nan haske kawai nake gani."

Ga abin da ya fitar da ni. Yayana Tizhe mai hoto ne. Babu biki ko suna ko taron coci a unguwarmu da za a yi ba a gan shi da kyamara a wuya ba. Shekarar da mutanen daji suka shigo garin, mun gudu ta kan dutse, shi kuma ya koma ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Har yau ba mu sake jin labarinsa ba. Da muka dawo mun tarar an ƙone gida da shagonsa, ko hoto ɗaya bai tsira ba.

Sai a makon da ya wuce Yaya Bukar ya kira ni. Abokin Tizhe ne, Babarbare mai gyaran waya, shagonsu jikin juna yake a da. Tun kafin a shigo garin ya koma Jimeta da zama. Ya ce yana zazzage wani tsohon buhun tarkacen wayoyi ya tsinci katin memori, ya sa a laftof, sai ga unguwarmu gaba ɗaya cikin hotunan da Tizhe ya ɗauka. Yawan hotunan ya wuce a kai wa mai shago ya wanke, kuma ba namu kaɗai ba ne. Shi ya sa na yanke shawarar sayen firinta, in buga su a gida, kowa in ba shi nasa.

Kan hanya

Bas ɗin ya cika da wuri. Muka bi ta Bazza da Uba, muka tsaya a Mararrabar Mubi direba ya ƙara iska a taya. Shingayen sojoji sun ragu a kan da, amma inda suke, kowa ya san ƙa'ida: a kashe rediyo, a ajiye waya, a sauke gilashi. A wani shinge kafin Hong aka ce maza su sauka su taka da ƙafa. Na bi su da kallo ta taga. Wannan hanyar na taɓa bi lokacin gudu a bayan motar shanu, Mama a kan cinyata.

A Gombi na sayi ƙosai da ruwan leda, amma ban iya ci ba. Matar da ke gefena ta ce, "Asibiti za ki?" Na ce a'a, sayayya. Bayan Song hanya ta yi kyau, muka wuce Girei, rana ta take muka hau gadar Binuwai. Ruwa ya ja baya, masu wanki sun shanya kaya a kan yashi.

Luggere

Yaya Bukar ya tare ni a tashar Jambutu, muka hau keke napep zuwa gidansa a Luggere. Ya yi furfura. Matarsa Falmata ta rungume ni ta ce, "Malama, kin manta da mu." A ɗakinta muka zauna ni da Mama lokacin gudu, har damina ta wuce. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ta tsaya a kaina sai da na ci.

Bayan la'asar ya buɗe laftof. Ya ce, "Na kwafe su wuri biyu, kada ki ji tsoro. Memorin ya tsufa, wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya ƙi." Na ga layinmu da bishiyar mangwaron da aka sare. Na ga 'yan kwaya, mawaƙan coci, da fararen riguna. Na ga yaran da na koyar a aji uku. Tizhe kuwa sau biyu kawai ya fito, domin mai ɗaukar hoto ba ya shiga hoto. A ɗaya ya juya baya. A ɗayan yana tsaye a inuwar shagonsa yana dariya, rabin fuskarsa a duhu.

Yaya Bukar ya ce, "Wannan ni na ɗauke shi. Ya ce ban iya ba."

Jimeta, Talata

Da hantsi muka shiga layin masu sayar da kwamfuta. A shagon farko mutumin ya sauko mana da wata ƙarama mai araha, yana ta yaba ta. Yaya Bukar ya ɗaga murfin ya nuna mini wasu ƙananan kwanso biyu a ciki. Ya tambaye shi, "In tawadar ta ƙare fa?" Ya ce sai a sayi sabon kwanso. Da muka ji kuɗin kwanson da yawan hotunan da yake bugawa kafin ya ƙare, na ga ko layinmu ba zan gama ba. Muka yi godiya muka fita.

Shago na uku na wani Oga Obinna ne, haifaffen Jimeta, yana Hausa yana Fillanci da masu wucewa. Na gaya masa hoto zan buga a gida, masu yawa. Ya ce, "To mai tanki kike so, Madam. Tawada a kwalba take zuwa, ki zuba da kanki kamar kananzir a fitila." Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya mai launi huɗu, ta fi sauƙin kuɗi, ita 'yan ofis ke saye. Ɗaya mai launi shida, an yi ta don hoto.

Na tambaye shi abin da ke raina. Ana samun tawadar a Mubi? Ya ce ana samu, amma in kula da jabu, tana toshe kan firinta. Solar gidanmu ƙarama ce, za ta ɗauka? Ya ce ba ta kai fanka cin wuta ba. Ya ƙara da cewa kada in bar ta ta yi makonni a ajiye, ko ƙaramin abu ne in riƙa bugawa, in ba haka ba tawada ta bushe a ciki.

Na ce sai na gani da idona. Ya tada janareto. Na ba shi hoton Tizhe. Mai launi huɗu ta fara fitarwa. Rigarsa ta fito, allon shagon ya fito, amma gefen fuskar da ke inuwa ya zama baƙin dunƙule. Ni da nake da ido biyu da ƙyar na gane shi. Sai ya sa a mai launi shida. Takardar ta riƙa fitowa a hankali, goshi, gira, sannan idon nan na hagu da tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga keke. Na nemi kujera na zauna. Oga Obinna ya dubi Yaya Bukar, Yaya Bukar ya girgiza masa kai.

Matsalar ita ce mai launi shidan guda ɗaya ta rage wa Oga Obinna, wadda ya gwada mana, kuma tankunanta cike suke. Sababbi suna hanya, bai san ranar isowarsu ba. Ya ce, "Da za ki jira ya fi. Mai tawada a ciki ba ta son tafiya. In ta karkata, wahala dey." Na tuna idon Mama. Na ce ita zan ɗauka. Ya murɗa makullin tankunan, ya manne murfin da salatif, ya zana kibiya a jikin kwalin da ke nuna sama. Na haɗa da takardar hoto mai sheƙi da kwalaben tawada. Ya sa mini hoton Tizhe a ambulan, ya ɗora a saman kayan.

Jambutu, Laraba da safe

Yaya Bukar ya ce zai raka ni tasha. Muka ɗora kwalin a kan cinyoyinmu a cikin keke. Saura kaɗan mu isa, wata mota ta yanko gabanmu, mai keke ya kauce ya faɗa rami. Kwalin ya tashi ya bugi ƙarfen gaba, ya kwanta a gefe. Muka ɗago shi da sauri, mai keke yana ta ba da haƙuri. Ban ga komai ba a lokacin.

A ƙofar tasha akwai layin bincike, 'yan sintiri biyu da soja ɗaya a gefe. Tun lokacin tashin bama-bamai ba a shiga da kaya sai an duba. Ina rungume da kwalin, sai wata mata a bayana ta ƙwala ihu, "Jini! Jini!" Na duba ƙasa. Ja yana ɗiga daga kusurwar kwalin, ya ɓata mini zani da hannuwa. Wayar wuta kuma ta leƙo ta inda kwalin ya yage.

Kafin in buɗe baki wuri ya watse. Masu talla suka zubar da faranti, wani ya bar takalminsa. Sojan ya ɗaga bindiga ya daka tsawa, "Kai, madam! Tsaya nan! Kada ki motsa!" Ya juya kan Yaya Bukar, ya ga tsagen Barebari a fuskarsa, ya ce ya durƙusa ya ɗora hannu a ka. Dattijo mai jikoki ya durƙusa a ƙasa.

Yaya Bukar ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Masi, ko me za a yi, kada ki gudu. Kada ki yar da kwalin."

Sojan ya ce in taka zuwa tsakiyar fili, ni kaɗai. Na taka. Ya ce in ajiye. Na ajiye. Ya koma bayan buhunan yashi ya ce in buɗe da kaina, in ɗaga kowane abu sama. Salatif ɗin ya ƙi ɓaruwa, sai da na sa haƙori. Na ɗaga waya na ce, "Wayar wuta ce." Na ɗaga kwalba na ce, "Tawada ce." Muryata ba ta kai inda yake ba. Ya ce, "Ƙara murya!" Na ce, "Firinta ce, ranka ya daɗe! Ni malamar makaranta ce!"

Wani babbansu ya fito daga rumfa, mai ɗan shekaru. Ya tako a hankali har inda nake, ya dangwali jan da yatsa, ya shinshina, ya murza. Ya leƙa cikin kwalin. Sannan ya ɗauki ambulan ya zaro hoton.

Ya ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Yayana."

"Yana ina?"

"Ban sani ba. Tun shekarar da aka shiga Michika."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya mayar da shi cikin ambulan da hannunsa mai tsabta, ya miƙo mini. Ya ɗaga wa yaronsa hannu, bindiga ta sauka. Ya je da kansa ya kama Yaya Bukar ya tashe shi, ya ce, "Baba, yi haƙuri." Yaya Bukar ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ce, "Ba yau aka fara ba. Duba firintarki."

Murfin tanki ɗaya ne ya buɗe, rabin jan ya zube. Muka goge da tsumma, muka sake ɗaure ta. Direban Michika, wani Bafulatani, ya ce, "Adda, kawo ta nan." Ya sa kwalin a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ni kuma na zauna a bayansa na dafa shi da hannu. A kowane shinge, tun kafin a tambaya, direban ke leƙawa ya ce, "Injin hoto ne, tawada ce a jikinta."

Gida

Rana ta yi sanyi muka shiga Michika. Ban tsaya wanke hannu ba. Na fito da Mama tsakar gida inda sauran haske yake, na sa mata hoton a hannu. Ta kai shi kusa da idonta na dama har ya taɓa hancinta, ta riƙa matsar da shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Na tsaya ina jiran kuka.

Ta ce, "Ya yi ƙiba a nan. Ashe yana cin abinci." Ta shafa takardar da tafin hannu. Can ta ce, "Akwai 'yar Kwanye a ciki?" Kwanye maƙwabciyarmu ce, 'yarta tana cikin waɗanda aka tafi da su. Na ce akwai, da rigar kwaya. Ta ce, "To me kike jira? Kunna abin, ki aika a kira ta."

Na jona firintar da sola. Ta yi ƙara, ta yi shiru, sannan ta ja takarda.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Falmata, da direban da ban tambayi sunansa ba. Yaya Bukar kuwa, da na kira shi in ce na iso, abin da ya fara tambaya shi ne ko Mama ta gane shi. Na ce ta gane shi. Na ji yana gaya wa Falmata, sannan ya kashe wayar.