Gurbin Bakin Ƙofa

Malam Na'Allah ba ya barin kowa ya share shagon. Kullum da yamma, idan mun rufe kekunan ɗinki, sai ya ɗauki tsintsiya ya bi ƙarƙashin kowane keke, ba ya haɗa sharar wani da ta wani. Yakan tsuguna ya juya abin da ya tara da yatsa kafin ya kwashe. Mun ɗauka tsantseni ne irin na tsofaffin teloli, masu jin zafin a zubar da ƙyalle.

Shagon na Alhaji Mohaman ne, a nan unguwar Birketiri, kusa da masu tsire. Alhajin harkar shanu yake yi a kasuwar Etudi, sai ranar Asabar yake leƙo mu. Na'Allah ne babbanmu, shi ke yanka, shi ke raba aiki. Ma'aikatan gwamnati masu kawo ɗinki suna ce masa "shef", wato shugaba, shi kuwa ba ya juyowa sai an ce Malam. Haifaffen unguwar ne, kakansa ya zo daga Kano da fatauci. Mu shida ne a ƙarƙashinsa, muna ɗinka manyan riguna da aikin wuya.

Ɗakin dogo ne, ƙofa ɗaya, babu taga. Akwai ƙwan lantarki guda a tsakiya, amma haskensa ba ya raba maka zare shuɗi da kore. Saboda haka gurbin bakin ƙofa, inda rana ke shigowa, shi ne sarautar shagon. Wanda ya fi daɗewa shi ke zama a nan, kuma ba a tashinsa. Habu ne a wurin, shekara goma sha ɗaya. Ni ina na huɗu daga ƙofa.

A shekarar 1976 idona ya fara yin hazo. An ba ni tabarau a asibiti, bai yi wani abin kirki ba, na ɓoye shi a aljihu. Ina da 'ya'ya biyar, kuma ban iya wata sana'a ba. Sai in yi ɗinki in warware, in sake yi in warware, ina kare aikin da kafaɗata. Ban faɗa wa kowa ba.

Wata Asabar wani mutum ya dawo da riga. Zare launi biyu ya gauraya a ƙirjinta, kuma aikina ne. Ina bayan shago ina alwala na ji Alhaji da Na'Allah ta cikin katanga suna maganata.

"Malam, Lado ya ƙare," in ji Alhaji. "Akwai matasa a unguwar Mokolo suna neman keke. Ka sallame shi cikin mutunci."

"To, Alhaji."

"To ɗin nan naka na san shi. Yaushe?"

"A bar ni da shi zuwa bayan Layya. In an sake dawo da riga, ni da kaina zan raka shi gida."

Na daɗe riƙe da butar kafin in tuna ban wanke ƙafa ba.

Abin da ya biyo baya, Habu ne ya ba ni labarinsa da baya. Ya ce ranar Lahadi Na'Allah ya same shi har gida, ya zauna, suka gaisa, suka yi zancen ruwan sama. Can ya fito da wani ƙunshin takarda ya buɗe. Guntayen zare ne, duk a lanƙwashe, irin wanda aka ɗinka aka zare.

"Sharar mako guda ke nan, ta keke ɗaya," in ji shi. "Hannun mai keken lafiya lau yake. Haske ne ba ya isarsa."

Habu ya ce ya gane, ransa kuma bai so ba. Ya ce, "Malam, shekara tara na yi a cikin duhun nan kafin in kai ƙofa."

"Na sani. Ni na zaunar da kai. Ba umarni na zo da shi ba, aro na zo nema. Zan fasa taga a bango. Ranar da aka fasa, ka koma wurinka."

Ranar Litinin da safe muna buɗe kekuna, sai Habu ya yi tari sau biyu, tarin da ko jariri ba zai yarda da shi ba.

"Malam, hayaƙin masu tsiren nan zai kashe ni. A sauya mini wuri."

Mamadu, wanda ke kusa da shi, ya dube shi. "Kai? Kai da in iska ta juya kake buɗe baki?"

"Likita ya hana."

"Wane likita? Mai tsiren da ya daina yi maka gyara?"

Aka yi dariya. Bisa al'ada Mamadu ne ya kamata ya matsa ƙofa, amma sai ya sunkuya yana sa wa kekensa mai, ya ce shi ma ƙirjinsa ba daɗi kwanan nan. Na uku ya ce shi sanyi yake gudu. Na'Allah bai ɗago daga teburin yanka ba.

"Lado, kai ne ba ka da ciwo. Taimaka mana ka zauna a hayaƙin."

Na ɗauki kekena, Habu ya kama mini ɗaya gefen. Babu wanda ya kalli fuskata, kuma na gode musu da wannan har gobe. Da na zauna, na ga kafar allura karo na farko cikin wata shida. Bayan kwana biyu na fito da tabarau na sa. Mamadu ya ce na yi kama da akawun kotu, shi ke nan maganar ta wuce.

Rabon aiki ma ya sauya ba tare da sanarwa ba. Zare mai duhu a kan farar shadda yana zuwa wurina, fari a kan fari yana zuwa wurin masu ƙuruciyar ido. Layya ta zo ta wuce, ba a dawo da riga ba. Alhaji ya zo wata Asabar, ya gan ni a ƙofa, ya dubi Na'Allah, ya tambayi lafiyar iyali, ya tafi.

Sai dai Habu ne yake shan wahalar. A can ciki aikinsa ya rage sauri, da yamma yana murza ido. Na'Allah yana gani. Maganar taga kuwa ba ƙarama ba ce, don bangon yana kallon tsakar gidan maƙwabci, malamin allo ne mai iyali. Wata huɗu Na'Allah yana zuwa gaishe shi kafin ya yarda, da sharaɗin tagar ta wuce tsayin mutum. Alhaji ma ya yarda da ƙyar. Na'Allah ya hau tebur da allin yanka da ma'auni, ya zana murabba'i a bango. Ya sa kafinta a Mokolo ya haɗa katakon tagar. Birkila ya ce sai ruwa ya ɗauke.

Kafin ruwa ya ɗauke, ɓarin jikin Na'Allah ya shanye. 'Ya'yansa suka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, wurin babbar 'yarsa, can Allah ya karɓi abinsa. Allah ya haskaka makwancinsa. Da birkila ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce tubalin ya tsufa, shi ba zai ɗauki alhaki ba. Alhaji ya ce a dakata tukuna.

Bayan sadakar arba'in na sami Habu, wanda ya zama babbanmu. Na ce aro ya daɗe, ya karɓi wurinsa.

"Da wa ka yi maganar aro?" in ji shi. "Ni da Malam muka yi. Cewa ya yi ranar da aka fasa taga. Ka ga taga?"

"Ban gani ba."

"To, koma ga aikinka, rigar mutane na jira."

Shekara bakwai na ƙara yi a wannan gurbin, har manyan 'ya'yana suka kama sana'a. Ranar da na bar shagon, katakon tagar yana jingine a bayan teburin yanka, zanen allin kuma yana nan a bango, kusurwa uku sun fito sosai, ta huɗun hannunsa bai kai ba.