Rabin Kofin Mastura

Shekara talatin Mastura ta yi tana dafa shayi a shagon mijinta da ke bakin kasuwar Margilan. Da ya rasu, zaman gida ya gagare ta, sai ta nemi aikin girki a gidan kula da tsofaffi na unguwarmu, inda nake shara. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ko likita na shakkar bakinta.

Gidan sabo ne fil, komai da ƙa'idarsa, har shayi. Ƙarfe goma a cika wa kowa ƙaton kofin roba taf, a dangwarar masa a gefen gado, a wuce. Likita Nodira ce ta tsara haka don tsofaffin su sha ruwa isasshe.

Sai aka kawo Baba Tursun, tsohon masaƙin alharini, ba ɗa ba jika. Kwana uku bai taɓa shayin ba, leɓɓansa duk sun bushe. A na huɗu ya ɗaure ƙunshin kayansa ya zauna a bakin ƙofa, wai tafiya zai yi. Ina? Shi ma bai sani ba. Likita ta ce ruɗewar tsufa ce. Ni ma na yarda, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Mastura ta leƙa ɗakinsa, ta ga kofin, ta fito tana tafa hannu.

"Likita, a gidanku baƙon da ake so ya zauna ana cika masa kofi? A garin nan cikakken kofi ai sallama ce. Kwana uku kuna ce wa dattijo sha ka tafi, ya tashi tafiya kuma kun ce ya ruɗe."

Likita ta ce rabin kofi ba ya isar kowa. Mastura ta ce ai shi ya sa mai zubawa yake zama ya ƙara.

Ta yi shimfiɗa a gindin inabin tsakar gida, ta zaunar da Baba Tursun, ta zuba masa kurɓi biyu a ɗan kofin tangaran, ta miƙa masa, hannun hagu a ƙirji. Ya shanye, ta ƙara. Sau tara na gani da idona, yana sha yana kushe shayin wai bai ji ganye ba.

Tun daga nan aka kafa dakalin katako a wurin, aka ce duk mai zuba shayi ya zauna. Kofunan roba kuwa furanni muka shuka a ciki.

Da la'asar ɗin ranar da ya fara shan shayin, Baba Tursun ya kwance ƙunshinsa, ya ciro kofin marigayiya matarsa. Ya karɓi butar shayin, ya ɗiga wa Mastura abin da ko kyanwa zai yi wa kaɗan.

"Baba, wannan ai rowa ce."

"Sha, 'yata," ya ce. "Ba inda za ki, ni ma ba inda za ni."