Mai Jirgin Toka

A kan ruwa Seah Boon Tiong ya girma, a kan ruwa ya tsufa. Ubansa masunci ne a tsibirin Ubin. Shi kuwa da kifi ya yi ƙaranci sai ya koma fito, yana ɗaukar mutane daga gaɓar Changi zuwa tsibirin a wani jirgin katako mai injin da ke tari kamar mai shi.

Tun da ƙuruciya suka raba gari da addini. 'Yarsa ta fari ta kwanta da zazzaɓi tana ƙarama. Ba ɗakin bautar da bai shiga ba, ba turaren da bai ƙona ba, yarinya dai ta rasu. Bai zagi kowa ba, bai fasa gunki ba. Dainawa kawai ya yi. Matarsa Geok Lian ta ci gaba da kunna turarenta kullum safe.

"Na kunna har da naka, mai taurin kai," takan ce.

"To, ki gaishe su."

Da shekaru suka ja, sai wani aiki ya ƙaru masa: kai tokar mamatan da aka ƙona gawarsu teku. Masu addini kan zo da limaminsu, su yi karatunsu, shi nasa tuƙi. Waɗanda mamacinsu ba shi da addini su ne ke ba shi tausayi. Sukan zo da toka a ƙunshe cikin farin ƙyalle, a isa wurin zubawa, su yi cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara. Wata rana ya gaji da kallon wata gwauruwa da 'ya'yanta a haka, ya kashe inji ya ce, "Wane abinci marigayin ya fi so?"

Matar ta dube shi kamar ya zage ta. Can ta ce, "Shinkafa da kaza. Kuma kullum sai ya ce ta jiya ta fi daɗi." 'Ya'yan suka yi dariya, dariyar ta juye kuka, suka yi ta ba da labarinsa har rana ta yi zafi, sannan suka kwance ƙyallen.

Daga nan abin ya zame masa al'ada, har ana nemansa da suna. Abokin fitonsa Lau Peng ya riƙa tsokanarsa: "Ga limamin marasa addini nan. Yaushe za a ɗinka maka riga?"

"Ranar da ka koyi tuƙi."

Geok Lian ce ta riga shi rasuwa. Ya yi mata duk abin da ta yarda da shi, bai rage komai ba: ya kira masu karatu, ya ƙona mata gidan takarda don ta samu masauki a lahira, ya durƙusa inda aka ce ya durƙusa ko da gwiwa na ciwo. Ɗansu tilo, Kok Leong, wanda ya shiga coci tun yana jami'a, ya tsaya a gefe, ya ƙi riƙe turare. Bayan an watse uban ya kira shi.

"Tawa jana'izar ba wuya. Ba liman, ba waƙa. Ka ba Lau Peng tokar, ya san wurin."

"Baba, ya zan zubar da kai a ruwa kamar shara?"

"Mutanen da na kai ba shara ba ne."

Ɗan ya sunkuyar da kai.

Shanyewar ɓarin jiki ta sami Boon Tiong a bakin jirgi yana ɗaure igiya. Ya farfaɗo, amma baki ya karkace, magana ta tafi. Kok Leong ya ɗauke shi zuwa gidansa a saman bene, nesa da ruwa, ya kula da shi tsakani da gaskiya: shi ke masa wanka, shi ke ba shi fate a baki. Sai dai tsoro na cin yaron, tsoron kada ubansa ya mutu a ɓace. Wata Lahadi ya shigo da fasto da ruwan baftisma a ɗan kwano, don a shigar da uban addinin Kirista.

"Baba, in ka yarda ka matsa hannuna."

Boon Tiong ya so ya janye hannun, hannun ya ƙi. Ya dubi fuskar ɗansa, ya ga idanu jajur na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Yatsunsa suka motsa. Shi kansa bai san ko ƙi ne ko tausayi ba. Kok Leong ya fashe da kukan murna, ruwan sanyi ya gangaro wa tsohon ta goshi har cikin kunne.

Bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Aka yi masa jana'iza da waƙoƙi, aka saka masa sunan coci da bai taɓa amsawa ba, aka ajiye tokar a wani ɗan gurbi a bangon coci. Masu fito suka zo, suka zauna a kujerun baya suna ɓarar gyaɗa. Lau Peng ya so ya yi maganar kai tokar teku, amma ya ga yadda ɗan ya rame, sai ya haɗiye. Ya miƙa masa hannu, ya fita kafin a kawo abinci.