Darasi na Bakwai da Yaya Hadiza Ba Ta Tsallakewa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hadiza, ma'aikaciyar lafiya da ta ƙare ƙuruciyarta tsakanin ƙauyukan Batsari da Safana. Na zauna da niyyar in rubuta mata yabo irin wanda ake yi wa mamaci, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Aikin da ta bari yana hannuna, kuma ban riƙe shi yadda ta riƙe ba.

Aikin shi ne koya wa 'yan mata masu tasowa sanin jikinsu, da yadda za su kauce wa ɗaukar ciki tun suna ƙanana. Littafin koyarwar darasi goma sha biyu ne, ɗaya a mako. Na bakwai ne mai nauyin faɗa: yadda ciki ke shiga, da yadda yarinya za ta gane mayaudari, ko da maƙwabci ne, ko mai sayen tallarta duka kullum. Abokan aikinta da dama in sun iso nan sai su yi nasiha a kan kamun kai, su faɗa na takwas. Yaya takan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takan kuma ce darasin nan kamar maganin zazzaɓi ne, wanda ya sha rabi ya ajiye bai warke ba.

Ni malamar firamare ce, lokacin ina raka ta ne kawai. Wata Asabar a ƙauyen Wagini, wata dattijuwa, Inna Mairo, ta tsaya a ƙofar ajin ta ce, "Malama, an ce ke ce mai buɗe wa yara ido." Yaya ta shimfiɗa mata tabarma ta ce, "Inna, shigo ki ji da kunnenki. In na faɗi abin da bai dace ba, ki kore ni da kanki." Tsohuwar ta zauna har aka tashi. Da mako ya zagayo sai ga ta da jikokinta biyu.

Yau fa? Saboda rashin tsaro, hanyar garin Runka ba ta biyuwa sai da addu'a a baki. Darasin da aka tsara wa wata uku mukan dunƙule shi cikin yini biyu, a ɗauki hoto, a rubuta an kammala. Muna cewa da babu gara ba daɗi. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Bara a ƙauyen Darini direban da ya kai mu ya ce wallahi ba zai kai la'asar a garin ba. Na duba abin da ya rage, na duba fuskokin yaran, na tsallake na bakwai, na rubuta an kammala. Gaskiya ba sauri kaɗai ba ne, har da kunya. A cikin yaran akwai Zulai, 'yar shekara goma sha biyar, mai yawan tambaya. Daga baya rashin tsaro ya taso su zuwa cikin Batsari. Watan jiya goggonta ta kawo mini ita gida, da ciki wata biyar. Wani magidanci da ke taimaka musu da hatsi ne ya yi mata cikin. Zulai ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, ai ba ki faɗa mana haka abin yake ba."

Laifin na mutumin nan ne, na sani, kuma yunwa ba ta jin darasi. Mai yiwuwa ko na koyar, abin da zai faru ya faru. Amma wannan "mai yiwuwa" ba ta bar ni na huta ba. Da Yaya na raye, me za ta ce? Ba za ta ce in ba da raina a hanya ba, ita ma ba ta ga irin wannan zamani ba. Abin da nake zato, za ta tambaye ni me ya sa na rubuta an kammala.

Kwanan baya na je Safana na tarar da Saratu, ɗaya daga cikin yaran da Yaya ta koyar a Runka, yanzu uwar 'ya'ya uku, ita ma gudun hijira ya kawo ta. Duk Asabar takan tara 'yan matan gidan da suke haya a tsakar gida. Ba ta da littafi, ba wanda ya sa ta. Daga ka take kawo darussan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta ji su, ba ta rage ko ɗaya ba. Abin da ya saura na Yaya ke nan, kuma ba a hannuna na same shi ba, ni da na gaji littafin.

Allah ya jiƙan Yaya Hadiza, ya sa ta huta. Zulai za ta haihu bayan kaka. Goggonta ta ce lalle in zo in ta sauka, kuma zan je, amma har yau ban san da wace fuska zan shiga ɗakin ba.