Littafin Baba Faukar

Har yau ban san ko alheri muka yi wa Baba Faukar ko cuta ba. Na sha juya maganar a raina, ban gano bakin zarenta ba.

Sunansa na gaskiya Eleuterio Paucar, amma bakinmu bai ɗauki wannan wahalar ba. Mutumin Peru ne, gajere mai faɗin ƙirji, haifaffen wani ƙauye can saman duwatsu. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a firamare. Da faɗa ya iso yankinsu ya tattara ya taho New York a 1984. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci, yana karatun aikin laburare a gefe, har ya sami gurbi a wani ƙaramin ɗakin karatu bayan Fordham Road. Ni kuwa a bakin titin nake kasa lema da bel. Ba zan yi ƙarya ba, sanyi ne ya fara kora ni ciki a 1989, ba son ilmi ba. Bai kore ni ba, kati ma ya yankar mini.

Wata rana a 1993 na same shi yana buɗe bayan littattafai ɗaya bayan ɗaya. Wani ya mayar kan kanta, wani ya buga masa jan hatimi ya jefa a kwali.

"Baba, me waɗannan suka yi?"

"Ba abin da suka yi, Ɗanlami, laifin ke nan," ya ce da karkataccen Turancinsa. "Littafin da ya shekara uku ba a are shi ba, fitar da shi ake yi."

Sai ya zaro wani siriri mai koren bango, da Sifaniyanci, sunansa a gaba. Shekara biyar yana rubuta shi. Takardar bayan da ake buga ranar aro fara fat. Watan Yuni zai cika shekara uku.

"To ai hatimin ranar aro a hannunka yake. Buga mana!"

"Ba na yi wa littafi ƙarya."

Kaina ya ɗaure. Mutum ya rubuta abu da hannunsa, kuma shi zai jefa shi a kwali saboda wata doka? Haushi ma ya ba ni.

A wajenmu in maƙwabci ya buɗe shago ba ciniki, ko ashana ce sai ka je ka saya, a buɗe masa kasuwa. Da aka sauko daga Juma'a na faɗa wa mutanenmu. Muka yi ta zuwa bi da bi, lokacin da ya fita cin abinci, muna ara a hannun abokiyar aikinsa. Kowa ya ajiye littafin a gida kwana biyu ya mayar. Kafin Yuni hatimi goma sha huɗu ya hau, ni kuwa har wani ɗaga kafaɗa nake yi.

Abin da ban hango ba shi ne murnarsa. Ya tare ni yana rawar jiki, wai ashe yana da masu karatu! Ya manna sanarwa a ƙofa: duk wanda ya ari littafin ya zo ranar Asabar da la'asar a tattauna. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa gaskiya, na kasa. Na koma wa mutanenmu ko za su ce a fasa, suka ce an gayyace su, ya za a yi su ƙi? Suka zo cikin kayan Juma'a. Safiatu, 'yar Maraɗi mai sayar da abinci, har da kular dambu.

Baba Faukar ya shigo da kwat ɗinsa. Ya dube mu, ya leƙa waje, ya sake dubanmu. Ya yi wata tambaya da Sifaniyanci. Muka dubi juna. Can Harouna mai agoguna ya ce, "Pardon, Baba, mu dai Faransanci muka ɗan taɓa."

Ya gane. Na ga fuskarsa ta faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Safiatu ta juyo gare ni. "Ɗanlami, ce mai mun kai littahin nan gida mun maido. Ai sai shi hwaɗa muna abin da ke ciki."

Ya zauna ya fara, ina fassarawa. Labarin wani malamin makaranta ne da ya gudu daga ƙauye ya bar uwarsa mai sayar da dankali. Ta rasu yana ƙasar waje, bai koma ba.

"To shi ɗan, mi ya hana shi zuwa ko bayan an ruhe ta?" in ji Safiatu.

Baba ya ce ai ƙagaggen labari ne.

"Ni ba ƙage na tambaya ba. Ce mai shi tai shi ga kabarin uwa tai."

Na so in sassauta maganar, amma ya riga ya karanta a fuskarta. Ya cire tabarau. "Shekara biyar ina rubutu don kada a yi mini tambayar nan," ya ce.

Ranar Litinin na tarar da gurbin littafin ba komai. Da hannunsa ya buga masa jan hatimi, duk da aro sha huɗun namu. Na yi masifa, na ce to wahalar me muka sha? Ko kallona bai yi ba, takardar neman hutu yake cikewa.

Sati shida ya yi a Peru. Ya dawo ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya a 1998, kuma bai sake rubuta ko layi ɗaya ba. Amma ranar da ya dawo, ya sa na koya masa kalma biyu na Hausa, ya taka har teburin Safiatu ya tsaya.

"Na je," ya ce.

 Ta jawo masa kujera ta zuba masa abinci.