Waƙar da aka kunna min a hanyar Shiling

Muna hanyar Shiling, garin kamfanonin ɗinka jaka, zan duba jakunkunan da zan saya, sai mai kamfanin da ya ɗauko ni a motarsa ya kunna kiɗa. Faifan farko ne na wasu samarin mawaƙan Ingila, wanda na yi ta ji ina ɗalibi a Zariya har ya karce.

Nan take na tsargu. Makon jiya na ɗora waƙar a shafina, kuma na san masu kaya kan bincike mutum kafin ciniki don su kashe masa jiki.

Na kira shi maigida da Sinanci, na ce, "Laoban, wa ya gaya maka ina son wannan?"

Ya ce ba kowa. Na kashe kiɗan na ce, "To wace waƙa ke biye?"

Ya rero ta da ɗan Turancinsa, har wurin da mawaƙin ke jan numfashi. Ya ce da faifan ya koyi Turanci tun yana ɗinki a kamfanin wani. "Na baya da suka fitar ba su kai shi ba," in ji shi. Kuma gaskiyarsa.

Tare muka ƙarasa muna rerawa. Amma da muka isa sai da na bi ɗinkin kowace jaka da yatsa.

Har yanzu ban san ko haɗuwar jini ce ko dabara ba. Ku me kuka gani?