Mai Karate da Ɗankwalin Zumunta

A tsohuwar tashar jirgin Kafanchan ga wani dogo siriri cikin farar rigar karate, ya yi ɗamara da ɗankwalin zumuntar matan coci. Na mamarsa ne, na rantse. Ya jingina waya da dutse yana ɗaukar kansa fim: shuri ɗaya, a hankali, ba yankewa. Ya roƙe mu, 'yan kallo, kada kowa ya yi tari.

Ƙafa ta kai sama ke nan, sai ga wata tsohuwa da buhun citta a ka.

"A'a, ɗan Yemima! Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Mama." Ƙafar tana rawa.

"Yaya babanka?"

Tarbiyya ta fi karate ƙarfi. Ya rusuna a ƙafa ɗaya, sai ƙasa, tim!

"Haba ɗana," in ji ta, "durƙuso ma ya isa."